Kifin Gwaggo da Rairayin Sallah

Gure, 9 ga Mayu

Taubashina Abarshi,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da kifayen masu kuɗin Legas da kake yi wa hidima. Mu nan lafiya, sai zafin bazara. Uwargida Hajara tana gaishe ka. Na yi ta rubuto maka saƙo a waya ba amsa, sai Aisami direba ya ce mini an fizge maka ita a tasha. Allah ya mayar da alheri. Ni dai ka san kira ba ya yi mini amfani tun da sanƙarau ya tafi da rabin jina, don haka na koma ga takarda. Aisami zai yi lodin shanu jibi, shi zan ba.

Jikin Gwaggo da sauƙi. Hannun dama har yanzu ba ya motsi, harshe kuma a ɗaure. In ta yi magana ba na kamawa, sai Hajara ta matso kusa da kunnena ta maimaita. Amma tana cin abinci, kuma a kan wannan nake so in yi maka bayani.

Ranar da ka kafa akwatin gilashin nan a ɗakinta, ka haɗa ruwan gishiri, ka saki ɗan kifin nan rawaya da bai fi yatsa ba, na ce a raina kuɗi sun yi wa Abarshi yawa. Kifin teku a Gure! To, na janye maganata. Gwaggo ta raɗa masa suna Gangamau. Kullum da hantsi sai a jingina ta da bango, ta ɗebi abincinsa da hannun hagu ta barbaɗa, ta zuba ido har ya cinye. Sannan ta karɓi kofin kunu. In bai ci ba, ba ta ci. Ranar da kuran, wato lantarki, ya ɗauke, fanka ta tsaya, ruwan ya yi ɗumi, ya maƙale bayan dutse har azahar. Ita ma har azahar ba ta sa komai a baki ba. Da Hajara ta roƙe ta sai ta ce, "Baƙo bai ci ba, mai gida ya ci?" Ban san ko murna zan yi da wannan ko tsoro ba.

Abin da ka umarta ina bi. Murfi ba ya barin akwatin, tunda ka ce irinsa masu tsalle ne. In ruwa ya ragu ina cika shi da ruwan da ba gishiri. Na sa famfon iskar a kan batirin pano mai aiki da hasken rana don kada ya tsaya. Maganin zafi kuwa dabarar tulu na yi: na naɗe akwatin ta gefe uku da jiƙaƙƙen buhu, na juya masa fanka. Ma'aunin zafi ya sauko. In kuskure ne ka faɗa mini.

Da magariba yakan soka kai cikin farin yashin da ka shimfiɗa masa ya ɓace, sai gari ya waye ya fito. Gwaggo ta ce ya riga kaji kwanciya.

Ga tambayata. Yashin ya soma yin ja-ja, da wani kore-kore a jikin gilashi. Layya ta matso, kuma ka san Hajara ba ta bari Sallah ta same mu da tsohon rairayi a ɗaki. Za ta kwashe na kowane ɗaki ta zuba sabo daga tudu. Ta ce abin kunya ne 'yan gaisuwa su shigo wurin Gwaggo, ƙasa fes, ga datti a gilashi yana kallonsu. A cikin umarninka babu maganar yashi. In canza ko in bari? Ba zan taɓa ba sai na ji daga gare ka.

Naka,
Ibram

*

Legas

Ibram ɗan kawuna, sarkin tambaya,

Wa alaikumus salam tun kafin ka yi. Ina lafiya, sai gudu. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce mata ɗanta yana nan yana tunaninta. Ka gaishe da Hajara, ka ce har yanzu ina mamakin abin da ta gani a jikinka.

Ga buhun gishirin kifi, ga atamfar Sallah ta Inna. Wani mai mota ɗan Kelle na ba, don ban san ranar zuwan Aisami ba. Kada ka yarda wani ya ce maka manda ko kanwa za su yi in wannan ya ƙare. Ba iri ɗaya ba ne.

Layya ba zan samu zuwa ba. Lokacin ne otel-otel ke cika, oga kuma ya ɗora mini akwatuna har na wani sabon gida a bakin ruwa. Ka lallaɓa mini Inna.

Game da kifi, na san halinka, atishawa ma sai ka nemi izini. Ka saki jikinka. Abin da ka ga ya yi datti ka tsabtace, abin da ya tsufa ka canza, ba sai ka jira ni ba. Kifin nan ya fi ka ƙarfin zuciya. Kakanninsa cikin duwatsun murjani suke, inda igiyar ruwa ke dukansu dare da rana.

Ubangidanka ko ka ƙi ko ka so,
Abarshi

*

Gure, 8 ga Yuni

Abarshi,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah. Ina fata ka yi ta lafiya. Yara lafiya, Hajara lafiya. Gwaggo ce ba lafiya ba, kuma ina jin ni na jawo.

Amsarka ta zo, na gode. Da na ga ka ce abin da ya tsufa in canza, sai na ba Hajara hanya. Ana saura kwana uku Sallah muka yi aikin, kuma wallahi ban yi gaggawa ba. Ni da kaina na hau tudun bayan kwarin lambunmu, can sama inda dabba ba ta takawa, na ɗebo rairayi mai laushi. Hajara ta tankaɗe shi da rariya, na wanke shi har ruwan ya daina yin ja. Na kama Gangamau da 'yar ragar da ka bari, na sa shi a bokiti da ruwansa, na rufe. Ya ba ni wahala kafin ya kamu. Muka kwashe tsohon yashi, muka shimfiɗa sabo, muka mayar da dutse da ruwa.

Da na sake shi ko juyi ɗaya bai yi ba. Ya nufi ƙasa kamar kibiya ya shige, da rana tsaka. Tun daga lokacin bai fito ba.

Ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Washegari Gwaggo ta barbaɗa abinci, ya yi ta yawo a sama har ya nutse. Ta mayar da kofin kunu. Ranar Sallah an kawo mata hanta gasasshiya tun da zafinta, wadda ka san ba ta wasa da ita, ta kawar da kai. 'Yan gaisuwa suka yi ta yaba rairayin, wata ma ta ce akwatin ya fi ɗakin amarya kyau, ta tambaya ina kifin. Gwaggo ta rufe ido.

Yanzu ruwa kaɗai take sha, sai farau-farau cokali biyu in Hajara ta yi kamar za ta yi kuka. Na faɗa mata barci yake yi. Ta ce, "Wane irin barci ne ba a tashi sallah?"

Ban san ko yana da rai ba. Nakan durƙusa in kafa ido a kan rairayin har ƙafata ta mutu. Jiya na ga kamar wasu 'yan ƙwayoyi sun motsa kusa da dutse, amma ido na iya nuna wa mutum abin da yake so. Na sunsuna ruwan, ba wari. Zuciyata tana ce mini in tona in gani. In ya mutu gara mu sani, ka aiko da wani irinsa kafin abin ya yi nisa. In kuma yana da rai, ai sai in fito da shi ta gan shi.

Motocin shanu sun tsaya saboda Sallah. Zan ba wani mai zuwa Kano, ya sa a motar Legas. Ga lambar Aisami a ƙasa. In ka sami aron waya, ka ɗauki hoton amsarka ka tura masa, zai kawo mini in karanta.

Ibram

*

Legas, 12 ga Yuni

Ibram,

Salamu alaikum. Ina lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

KADA KA TONA. Ka fara karanta wannan kafin komai.

Wace amsa? Takardarka mai tambayar yashi sai bayan Sallah ta zo hannuna, ta yi ta kwana a aljihun Aisami kafin ya tuna ya ba wani ya kawo. Tawa ta riga ta tafiya. Soson tace ruwa nake nufi da jikin gilashi. Ka duba mana, a ina na ambaci yashi? Kai da ka yi kwaleji, kai da ke rubuta har lokacin da akuya ta haihu, ba ka lura takardar ba ta amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyinka ba?

Wancan yashin garin murjani ne, na saye shi da tsada. Jan da ka gani ba datti ba ne kawai. A cikinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar kifi. Kun zubar da masu shara kun bar shara. Shi ya sa ruwan ya yi fari. Rairayin tudu kuma kaifi gare shi a jikin kifi, ga shi wa ya san ko da kanwa a ciki.

Irin wannan kifi in ya tsorata yakan binne kansa har mako biyu. In ka tono shi yanzu tsoro zai kashe shi a hannunka. Ka bar shi. Kullum ka kwashe bokiti ɗaya na ruwan ka zuba sabon haɗi, a hankali, ta jikin gilashi. Kada a ƙara zuba abinci, ruɓewa yake yi. A rage haske. In tsohon yashin yana nan da danshinsa ka mayar da kaɗan.

Wani irinsa kuwa babu. A jirgi ake kawo su, sai an yi oda.

Na bar maka uwata da kifi ɗaya, Ibram. Kifi ɗaya.

Ka sa Inna ta ci abinci. Ka ce ni na ce.

Abarshi

*

Gure, 14 ga Yuni

Abarshi,

Wa alaikumus salam. Aisami ya kawo wayarsa har gida na karanta, na kwafe umarninka a littafina. Wannan ma hotonta zai tura wa wayar da ka aro. Lafiyarmu ƙalau ni da Hajara, sai rashin barci.

Na sake ɗauko takardarka ta farko. Gaskiyarka, ba ta amsa komai ba. Babu kwanan wata a kanta, amma wannan ba hujja ba ce, ya kamata in lura. Ina jiran amsa, takarda ta zo, sai na mai da ita amsa. Hajara ba ta da laifi, ta tambaye ni har sau biyu ko na tabbata.

Tsohon yashi ba ya amfanuwa. An zuba shi a garken awaki, rana ta gama da shi.

Ban tona ba, amma ba hankalina ne ya hana ni ba. Kwana ɗaya kafin saƙonka ya iso na kasa haƙuri, na naɗe hannun riga, na buɗe murfi. Sai na ji duka a gwiwar hannu. Gwaggo ce, da mariƙin mafici, da hannun hagu. Ban san tana da sauran wannan ƙarfi ba. Ta yi magana, Hajara ta ƙi maimaita mini. Na ce, "Me ta ce?" Hajara ta ce, "Ba komai, Malam." Na ce ta faɗa. Ta ce, "Wai ka bar shi. Wai wanda ya ɓuya ba a jawo shi, ita ta saba." Sannan Gwaggo ta ƙara wata, wannan kam ni ma na karanta a leɓenta: "Duk abin da na ciyar da hannuna sai ya tafi."

Na faɗa mata ka ce ta ci. Ta ce, "Da bakinsa?" Na ce a takarda. Ta juya fuska bango.

Shekaranjiya ta kasa zama ko an jingina ta. Na ɗauko majo, malamin jinya, daga gidan likita, ya sa mata ƙarin ruwa a ɗaki. Ya ce ƙarin ruwa ba tuwo ba ne, mai irin ciwonta in ta ci gaba da haka ba za ta ga damina ta zauna ba. Ya tambaye ni ina 'ya'yanta. Na ce ɗaya ne, yana Legas.

Kan maganarka ta ƙarshe. Na karanta ta sau da yawa, na ce ko wasan taubasai ne ban gane ba. Ban ga wasa a ciki ba. Haka ne, ka bar mini uwa da kifi ɗaya. Hajara ce ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke tauna mata goro in ta yi marmari. Ni ke ɗaukarta zuwa bayan gida in dawo da ita kafin in tafi buɗe magazar ajiyar kayan 'yan lambu. Ba gori nake yi ba, Gwaggo ta goye ni kafin a haife ka. Amma lokacin da ciwon ya kama ta kwana uku ka yi a Gure, biyu daga ciki kana haɗa famfo da wayoyi. Wataƙila bai kamata in rubuta wannan ba. Na yi niyyar yaga takardar, sai na ga in na sake wata ƙarya zan rubuta.

Ina canza ruwa kamar yadda ka ce. Farin ya soma washewa. Har yanzu ba wari.

Ibram

*

Legas, 15 ga Yuni

Yaya Ibram,

Salamu alaikum. Rabon da in kira ka Yaya tun muna kiwon awakin Kaka. Ka yafe mini. Na rubuta waccan a tsaye, hannuna jiƙe, raina a ɓace. Ka ba Hajara haƙuri, abin da take yi ko 'yar cikin Inna sai haka.

Na nemi oga ya ba ni mako ɗaya. Ya ce sai an gama sabon gidan, in kuma na tafi yanzu akwai masu jiran gurbina. Da wannan aiki nake sayen maganinta, ka sani. Na rasa yadda zan yi.

Rashin wari alama ce mai kyau. Ka duba da sassafe, in ka ga ɗan rami kamar na kurman ƙasa a kan rairayin, to yana leƙowa. In ya fito kada kowa ya matsa kusa, a ba shi abinci ɗan kaɗan. Zan aiko da yashin murjani, a riƙa zubawa a gefe ɗaya sannu a hankali har ya rinjayi wancan.

In ya fito za ta ci, ko? Ka ce mini za ta ci.

Ƙaninka,
Abarshi

*

Gure, 19 ga Yuni

Abarshi,

Wa alaikumus salam. Na yafe, kai ma ka yafe mini. Muna lafiya. An yi yayyafi jiya, garin ya ɗan yi sanyi.

Gangamau ya fito.

Yau da hantsi ne. Hajara na shara sai ta saki tsintsiya ta kama bakinta don kada guɗa ta kuɓuce. Yana nan bakin dutse, ya rame, rawayar ta koɗe, ga ɗan ƙujewa a hancinsa. Amma yana iyo. Muka ta da Gwaggo muka tokare ta da matasai. Ta kalle shi, ta daɗe tana kallo.

Na buɗe gwangwanin abincin na miƙa mata. Ta dunƙule hannu. Na ɗauka ƙarfi ne babu, na kama yatsunta zan taimaka mata, ta janye. Hajara ta ce, "Wai ka ba shi da kanka." Na barbaɗa kaɗan. Ya yi kamar bai gani ba, sannan ya cafke ƙwaya ɗaya, ya ƙara.

Hajara ta kawo kunu. Gwaggo ta sha. A hankali, tana hutawa, amma ta sha fiye da rabin kofi. Ni kuwa sai na fita tsakar gida na tsaya bayan rumbu, kada yara su ga fuskata.

Da na dawo ta ce in ɗauko takarda. Tun da ciwon ya same ta ba ta yi doguwar magana irin wannan ba. Na sa Hajara ta maimaita mini kowace jimla har na tabbata, don kada in sake karanta abin da ba a rubuta ba. Ga ta yadda ta faɗa:

"Ka gaya wa Abarshi na sha kunu. Ba don kifinsa ya ci ba. Ina kwance na yi tunani, in na mutu yanzu zai zo zaman makoki ya ce aiki ne ya riƙe shi, mutane su ce Allah sarki, yaron kirki, har kifi ya kawo mata daga teku. Ba zan ba shi wannan ba. Zan ci, in jira shi. Kifin ba shi da laifi, an raba shi da garinsu an kawo shi ya yi zaman wani. Na gaji da gaisawa da ɗan aike. In watan nan ya mutu a fitar mini da akwatin daga ɗaki."

Hajara ta ce, "Haba Gwaggo, baƙon naki?" Ta ce, "Baƙo ai yakan koma."

Na yi ƙoƙarin lallashinta, ta ɗaga mafici, na ja da baya.

Yanzu ga abin da na lissafa, ka gyara mini in na yi kuskure. Ɗakinta ne kaɗai na ƙasa mai kaurin bango a gidan nan. Sauran duk rufin kwano ne, kuma wayar pano ba ta kai can ba. Na kai ma'aunin zafi zaure da azahar na gwada, abin da ya nuna kifin ba zai kai la'asar ba ko na naɗe shi da buhu goma. A motar Aisami kuwa ba zai ga iyaka da rai ba. Kai kaɗai ka san yadda ka kawo shi, kai kaɗai ka san yadda za a mayar. Watan Layya kuma saura mako guda ya mutu.

Ban san me za ka gaya wa ogan naka ba, kuma ba ni da bakin ce maka ka bar aiki. Yashin murjanin dai kada ka ba kowa. In za ka kawo, ka riƙo shi a hannunka.

Da la'asar ta ce a dafa mata dambu gobe, a sa zogale da yawa.

Yayanka,
Ibram